Me Ya Sa Haka? Tambayoyi da Amsoshi Kan Abubuwan da Muke Gani Kullum

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin yara da ɗalibai, da kuma iyayen da yaro ya tsare da tambaya. Dukkansu a kan abin da kowa ke gani ne ko yake ji a jikinsa, shi ya sa ake raina su, a ba da amsar da ta fara zuwa baki a wuce. Sau da yawa wannan amsar ba daidai ba ce. An fara da abin da ke sama da kewayenmu, aka gangaro kan jiki, sannan ƙwaƙwalwa, domin amsoshin baya sun jingina da na farko.

Me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa?

Tare suke faruwa, isowarsu ce ta bambanta. Haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka walƙiya na faɗawa ido nan take. Shi kuwa sauti mita 343 kawai yake ci a daƙiƙa idan zafin iska yana digiri 20, wato kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3. Da wannan za ka iya auna nisan hadari: da zarar ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga daƙiƙoƙi har tsawar ta iso, ka raba da 3. Idan ka ƙirga 9, abin ya faru ne a nisan kilomita 3.

Tsawar kanta ba karon gajimare ba ce, kamar yadda ake gaya wa yara. Walƙiya tana gasa iskar da ta ratsa har zafinta ya kai wajen digiri 30,000, ninki 5 na zafin fuskar rana, cikin ƙiftawar ido. Iskar sai ta buɗe da ƙarfi ta bangaji wadda ke kewaye da ita, wannan bugun ne ke zuwa kunne. Rugugin da ke jan lokaci kuma saboda layin walƙiya yana da tsawon kilomitoci ne, ƙarar ɓangaren da ke kusa da kai ta riga ta na nesa isowa. Muddin kana jin tsawa, to kana inda aradu za ta iya kaiwa. A shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, a guji fakewa a gindin bishiya, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma fili.

Me ya sa sama take shuɗiya?

Hasken rana da muke gani fari haɗakar launuka ne, waɗanda bakan gizo ke warwarewa. Haske da igiyar rediyo dangi ɗaya ne, kuma kowane launi da tsawon zangonsa: shuɗi gajeren zango ne, wajen nanomita 450 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ja kuma dogo, wajen 700. Idan haske ya shigo iskar da ta lulluɓe duniya, ƙananan ƙwayoyin naitirojin da oksijin suna tarwatsa gajeren zango fiye da dogo, har shuɗi ya fi ja tarwatsuwa kusan ninki 6. Don haka duk inda ka ɗaga kai, ban da saitin ranar kanta, shuɗin da aka watsa ne ke shigo maka ido. Masanin Ingila da aka fi sani da Lord Rayleigh ne ya fitar da lissafin a 1871.

Masu cewa launin teku ne ke haskawa a sama sun yi kuskure, ai sama shuɗiya ce a tsakiyar hamada. A kan wata kuwa, inda babu iska, sama baƙa ce wuluk ko da rana tsaka.

To me ya sa take yin ja da faɗuwar rana?

Dalilin ɗaya ne da na shuɗin, hanya ce ta ƙara tsawo. Idan rana ta gangara gefen sama, haskenta na ratsa iska fiye da ninki 30 na wadda yake ratsawa lokacin da take tsakar ka. Kafin ya iso gare ka an tsince shuɗin cikinsa an watsar a hanya, saura ja da ruwan goro. Haka wata ma yake yin ja-ja idan yana fitowa. Gajimare kuwa fari ne domin ɗigon ruwan cikinsa ya fi ƙwayoyin iska girma nesa ba kusa ba, yana watsa dukkan launuka daidai wa daida. A duniyar Mars abin ya juye: ƙurar can na sa sama ta yi ja-ja da rana, gefen rana kuma ya yi shuɗi idan za ta faɗi, kamar yadda na'urar Curiosity ta ɗauko hotonsa a 2015.

Daga ina ƙamshin ƙasa ke fitowa idan ruwa ya sauka bayan an daɗe ba a yi ba?

Ruwan kansa ba shi da ƙamshi. Abu biyu ne suka taru a busasshiyar ƙasa suna jiransa. Na farko mai ne da tsirrai ke fitarwa lokacin fari, ƙasa da duwatsu su tsotse shi. Masana biyu a Ostireliya, Isabel Bear da Richard Thomas, suka bayyana shi a 1964. Na biyu sinadari ne mai suna jiyosmin, wanda wasu ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa ke yi. Hancin ɗan Adam na da matuƙar kaifi a kansa, yana jin sa ko da 'yan ƙwayoyi ne cikin tiriliyan.

A 2015 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka ɗauki faɗuwar ɗigon ruwa da kyamara mai sauri, suka ga yana danne ƙananan kumfar iska, su kuma su taso su fashe su fesa ƙamshin sama. Yayyafi da matsakaicin ruwa sun fi ruwa mai ƙarfi yin wannan feshi. Wani kaifin wari da akan ji kafin ruwa ya iso kuma iskar ozon ce, wadda walƙiya ke haifarwa idan ta farfasa ƙwayoyin oksijin.

Mene ne ruwan da ake hangowa a kan kwalta da rana, wanda ba a taɓa cim masa?

Kawalwalniya ke nan, kuma abin da kake gani hoton sama ne a ƙasa. Kwalta mai zafi tana ɗumama iskar da ke dab da ita fiye da ta sama. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, don haka hasken da ya gangaro daga sama a karkace yana lanƙwashewa a hankali ya juyo sama ya shiga idonka. Ƙwaƙwalwa ta saba cewa haske a miƙe yake tafiya, sai ta ajiye shuɗin a kan hanya, kuma abin da ta sani mai sheƙi yana nuna sama a ƙasa shi ne ruwa. Yana ja da baya idan ka matso domin sai ta kwantacciyar kusurwa lanƙwasar ke yiwuwa. A lura da wannan, za a buƙace shi a amsar girman wata: kawalwalniya tana fitowa a hoto, domin da gaske hasken ya lanƙwashe.

Me ya sa taurari ke ƙyaftawa, wasu kuma ba sa yi?

Lanƙwasar da ta haifi kawalwalniya ce a nan ma. Iskar sama ba ta zama wuri ɗaya, mai ɗumi da mai sanyi na ta cakuɗa, kowace na karkatar da haske kaɗan. Tauraro yana da nisan da ya sa ya zama ɗigo ɗaya tak, ko mafi kusa da mu bayan rana sai haskensa ya yi fiye da shekara 4 a hanya, don haka ƙaramar karkata ta isa ta sa shi rawa. Waɗanda ba su cika ƙyaftawa ba, irin su Zahra, duniyoyi ne na kusa. Suna da ɗan faɗi ko da ido bai rarrabe ba, rawar wannan gefe sai ta shafe ta wancan.

Me ya sa wata ke bin mu idan muna tafiya?

Muna gane mun wuce abu ne idan ya sauya kusurwa ya koma bayanmu. Turken gefen hanya na yin haka cikin daƙiƙa, tsauni mai nisa sai an daɗe. Wata yana nisan kilomita 384,400, ko ka yi tafiyar kilomita 100 kusurwarsa ba ta motsa yadda ido zai lura ba. Komai na gudu baya shi yana nan, sai ƙwaƙwalwa ta yanke cewa tare kuke tafiya.

Da gaske wata ya fi girma idan yana fitowa?

Bai fi ba, kuma kowa na iya gwadawa. Ka ɗauki hotonsa yana fitowa, ka sake ɗauka bayan ya hau sama ba tare da ka taɓa saitin kyamara ba, girmansu ɗaya. Ko ka miƙe hannu ka rufe shi da kan ƙaramin yatsa a lokutan biyu. Hasali ma idan yana gefen sama ya fi nisa da kai da wajen kilomita 6,000. Ana cewa gani ya kori ji, to a nan ganin ne ke buƙatar shaida.

Tsofaffin Girkawa sun ɗora abin a kan iska, suka ce ita ke kumbura shi. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya mayar da maganar cikin kan mai kallo. Ya ce muna kimanta girman abu ne ta nisan da muke zato yana da shi, kuma nisan muna gane shi ne ta abubuwan da ke tsakaninmu da shi. A gefen sama akwai bishiyoyi da gine-gine da fili a shimfiɗe, a tsakar sama babu komai. Masana na yau suna da bayanai daban-daban kan yadda ƙwaƙwalwa ke yin wannan lissafi, amma sun haɗu da shi a kan tushen: a kanmu abin yake. Wannan ne bambancinsa da kawalwalniya, ita kyamara na ganinta, shi ba ta ganinsa.

Me ya sa ƙarfe ya fi katako sanyi alhali a ɗaki ɗaya suke?

Zafinsu ɗaya, ma'aunin zafi zai tabbatar. Fata ba ma'auni ba ce; abin da take ji shi ne saurin da zafi ke fita daga jikinka ko shiga cikinsa. Fatar hannu tana wajen digiri 33, ta fi yawancin kayan ɗaki ɗumi. Ƙarfe na janye zafi da saurin da ya ninka na katako sau ɗaruruwa, alminiyam ma fiye da sau 1,000, sai fata ta ba da rahoton sanyi. Katako kuwa wurin da ka taɓa kawai ke ɗumama, daga nan fitar zafi ta tsaya. A cikin rana abin juyewa yake yi, ƙarfen ne ke ƙuna, domin da saurin da yake ɗauka da shi yake bayarwa.

Wanda ke son ya gani da kansa ya sa hannu ɗaya a ruwan ɗumi, ɗayan a ruwan sanyi na minti guda, sannan ya tsoma duka biyun a ruwa matsakaici. Hannu ɗaya zai ce sanyi, ɗayan ya ce ɗumi. A ganina duk wanda ya fahimci wannan ya samu mabuɗin rabin tambayoyin da ke ƙasa.

Fanka na sanyaya ɗaki kuwa?

A'a, mutum take sanyayawa. Injinta ma ɗan zafi yake ƙara wa ɗakin, shi ya sa barin ta a kunne ba kowa ɓarnar wuta ce. Aikinta shi ne kore iskar da jikinka ya ɗumama ya jiƙa, ta kawo sabuwa, zufa ta samu damar bushewa. Bushewar ce sanyin: lita ɗaya ta zufa idan ta bi iska tana tafiya da kimanin kilokalori 580 na zafi. Zufar da ta tsiyaya ƙasa ko aka goge ba ta yi wannan aikin ba, kuma idan iska ta cika da laima bushewar na raguwa, sai mutum ya jiƙe sharkaf yana kuma jin zafi.

Akwai iyaka mai muhimmanci. Idan iska ta fi jiki zafi sosai, fanka zafi take hura maka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da fanka ne idan zafi bai kai digiri 40 ba. A irin wannan yanayi jiƙa fata da ruwa da yawan shan ruwa sun fi amfani, musamman ga tsofaffi, waɗanda zufarsu ta ragu.

Me ya sa wani lokaci ƙofar mota ko hannun mutum ke ja na kamar wutar lantarki?

Gogayyar tufafi da kujera ko takalmi da darduma tana tara caji a jikinka. Idan iska na da laima cajin na zirarewa a hankali ba ka sani ba, idan ta bushe sai ya taru ya kai dubban bolt, ya tsallaka gaba ɗaya da ka kusanci ƙarfe. Walƙiya ce 'yar ƙarama, har da ɗan ƙaranta. Ba ta cutarwa domin yawan cajin kaɗan ne ƙwarai. Fara taɓa ƙarfen da makulli yana raba ka da zafin.

To tsuntsu fa, me ya sa wuta ba ta jan sa a kan waya?

Ba don ƙafarsa na da kariya ba ne, kuma yawancin manyan wayoyin nan tsirara suke. Wuta na gudu ne tsakanin wurare biyu masu bambancin ƙarfi. Ƙafafun tsuntsu duka a kan waya ɗaya suke, babu bambancin kirki tsakaninsu, sai wutar ta ci gaba da bin wayarta. Babban tsuntsun da fikafikansa suka haɗa waya biyu mutuwa yake yi nan take. Mutum kuwa ƙafarsa na ƙasa, taɓa waya ɗaya ya isa ya zama hanya. Wayar da ta tsinke ta faɗi tana iya sa ƙasar kewayenta ma ta ɗauki wutar lantarki, don haka nesa da ita ake tsayawa a kira ma'aikata.

Me ya sa sauro ya fi cizon wasu mutane?

Ba zaƙin jini ba ne, sauro ya zaɓe ka tun kafin ya ɗanɗana jininka. Macen ce kaɗai ke cizo, don ƙwanta na buƙatar sinadaran jini. Daga nesa tana bin iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa a numfashi, idan ta matso sai warin fata da ɗumin jiki su ja ta. A 2022 masu bincike a jami'ar Rockefeller ta Amurka suka sa mutane ɗaura safa a hannu ta ɗauki warinsu, suka ajiye wa sauro ya zaɓa. Waɗanda fatarsu ta fi fitar da wasu sinadarai masu tsami na cikin maiƙon fata su sauro ya fi bi, kuma da aka sake gwaji bayan dogon lokaci matsayinsu bai sauya ba. Wani binciken da aka yi a Gambiya aka wallafa a 2000 ya nuna masu juna biyu na jawo sauron zazzaɓin cizon sauro kusan ninki 2 na sauran mata, dalili ke nan da ake matsa musu su kwana cikin gidan sauro. Ƙaiƙayin kuwa martanin jikinka ne ga miyan da ta zuba don kada jini ya daskare.

Me ya sa yatsu ke yamushewa idan sun daɗe a ruwa?

An daɗe ana cewa fata ce ta sha ruwa ta kumbura. Da haka ne, da duk jiki ya yamushe, ba tafin hannu da na ƙafa kaɗai ba. Tun shekarun 1930 likitoci suka lura cewa yatsan da jijiyar saƙonsa ta yanke ba ya yamushewa komai daɗewarsa a ruwa. Ke nan umarni ne daga jiki: jijiyoyin jinin kan yatsa na tsukewa, naman ciki ya ɗan ragu, fata ta lotsa. Wasu masana na ganin amfaninsa irin na zanen tayar mota ne, ya kore ruwa riƙo ya yi ƙarfi. Gwajin jami'ar Newcastle a 2013 ya goyi bayan haka, wani da aka yi a Jamus a 2014 bai ga bambanci ba.

Lanƙwasa yatsu su yi ƙas yana jawo amosanin gaɓɓai?

Ba ƙashi ne ke gogar ƙashi ba. A cikin gaɓa akwai ruwa mai santsi da iska narke a cikinsa. Idan ka ja yatsa gaɓar ta buɗe, matsin ciki ya faɗi, sai kumfar iska ta ɓullo farat ɗaya. An ga haka ƙarara a hoton MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, a jami'ar Alberta ta Kanada a 2015. Sai iskar ta sake narkewa, wajen minti 20, kafin gaɓar ta kuma yin ƙara. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya yi kimanin shekara 60 yana yi wa hannun hagu kaɗai, bai ga bambanci da na dama ba. Mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma binciken mutum 215 a 2011 ma bai ga alaƙa ba. Ƙarar da ke zuwa da zafi ko kumburi daban ce, ita a kai ta asibiti.

Me ya sa muke hamma, kuma me ya sa take yaɗuwa?

Amsar da aka fi ji, wai jiki na neman ƙarin oksijin, an gwada ta ta faɗi. A 1987 wani masani mai suna Robert Provine ya ba mutane zallar oksijin su shaƙa, wasu kuma iska mai yawan kabon dayoksaid, yawan hammarsu bai sauya ba. Ɗan tayi ma na hamma a ciki alhali bai fara shaƙar iska ba. Abin da ya tabbata shi ne hamma na taruwa a lokutan sauyi: kafin barci, bayan farkawa, ko idan gundura ta kama mutum. Bayanin da ya samu karɓuwa a baya-bayan nan shi ne tana taimakawa wajen sanyaya ƙwaƙwalwa. A gwajin Andrew Gallup na 2007, waɗanda suka ɗora abu mai sanyi a goshi sun rage kamuwa da hammar wasu.

Yaɗuwarta kuwa ba a haihuwar mutum da ita. Yara ba su cika ɗaukar hamma daga wani ba sai sun kai shekara 4 zuwa 5. Gani, ji, ko karanta labarinta ma na tayar da ita, kuma birai irin su cimfanzi ma suna kamuwa.

Mece ce shaƙuwa?

Akwai faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ke jan numfashi. Idan ta zabura ba shiri sai iska ta ruga ciki, maƙogwaro ya rufe kafin kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ya cika, ƙarar rufewar ce kake ji. Cika ciki da sauri, haɗiyar iska da abin sha mai gas na tayar da ita. Riƙe numfashi kan taimaka domin yana tara kabon dayoksaid a jini. Wani Ba'amurke, Charles Osborne, ya yi ta daga 1922 zuwa 1990, shekara 68. Wadda ta wuce awa 48 tana buƙatar likita, domin tana iya zama alamar wata cuta.

Me ya sa muryata ke sauyawa idan na ji ta a waya?

Wadda ka ji a waya ita ce ta fi kusa da wadda mutane suka sani. Idan kana magana sauti na zuwa maka ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kai, kuma ƙashi ya fi ɗauko amo mai kauri. Kai kaɗai ke jin wannan haɗin. Na'ura ta iska kawai take kamawa, sai ka ji muryar ta sirance ta zama baƙuwa. Kiran waya na tsohon tsari ma yana yanke duk abin da ya yi ƙasa da bugu 300 ko ya haura 3,400 a daƙiƙa. Rashin daɗin da kake ji ba na munin murya ba ne, saɓani ne tsakanin abin da ƙwaƙwalwa ta sa rai da abin da ya iso, kuma amsa ta gaba ta faɗaɗa wannan.

Me ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli?

Wannan tambayar ta fi kama da wasa, amma ita ta fi buɗe yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Duk lokacin da ta aika wa hannu umarni, tana ajiye kwafinsa a wani sashe da ke wajen ƙeya, wanda ke hasashen abin da fata za ta ji. Idan abin da ya iso ya dace da hasashen sai a rage masa ƙarfi, domin ba labari ba ne. Taɓawar wani ba ta da kwafi, don haka da cikakken ƙarfinta take isowa. Sarah-Jayne Blakemore da abokan aikinta a Landan sun nuna haka a ƙarshen shekarun 1990. Suka haɗa na'urar da mutum ke motsawa da hannu ɗaya ta shafi tafin ɗayan. Idan shafar ta zo nan take ba a jin cakulkuli sosai, da suka jinkirta ta da ɗan kaso na daƙiƙa sai ya ƙaru, duk da cewa mutumin ne ke yi wa kansa.

Amfanin wannan tsari babba ne. Ba don shi ba, da motsin harshenka a baki da gogar rigarka idan ka ɗaga hannu sun cika maka kai, har ka kasa lura da kunamar da ta hau ƙafarka.

Me ya sa fasinja ke jin tashin zuciya a mota, direba kuma ba ya ji?

A can cikin kunne akwai sassan da ke auna juyi da gudu. Idan kana kallon waya a mota, ido na cewa a zaune kake, kunne na cewa ana jujjuya ka, wannan saɓanin ke kawo jiri da amai. Direba kuwa shi ke ba da umarnin kwana da birki, ƙwaƙwalwarsa na da kwafi tun kafin motsin ya zo, kamar yadda aka bayyana a amsar cakulkuli. Zama a gaba da kallon hanya can nesa na ba fasinja wani kaso na wannan hasashe.

Mene ne dannau?

Mutum ya farka, yana ganin ɗakinsa, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa, ƙirji ya yi nauyi, wani lokaci har ya ga ko ya ji kamar akwai wani a kusa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san tsoron ba na wasa ba ne, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Barci na zagayawa mataki-mataki, kusan kowane minti 90. A matakin da aka fi yin mafarki, wanda aka gano a jami'ar Chicago a 1953, ƙwaƙwalwa na kashe tsokokin motsi da gangan don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Dannau na faruwa ne idan hankali ya farka kafin a saki tsokokin. Abin da ake gani ragowar mafarki ne da ya zubo cikin ɗakin gaske.

Nauyin ƙirjin ma yana da dalili. Tsokar da aka ambata a amsar shaƙuwa tana ci gaba da aikinta, numfashi bai tsaya ba, amma tsokokin haƙarƙari na cikin waɗanda aka kashe, sai ka nemi jan dogon numfashi ka kasa. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya gano kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuma wajen 28 cikin 100. Ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, damuwa da kwanciya rigingine su ke ƙara shi. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma mayar da hankali kan motsa yatsa ɗaya ko ƙifta ido na taimaka wa mutane da yawa. Idan yana yawan dawowa, ko yana haɗe da barcin da ke kwashe mutum da rana ba shiri, a ga likita, domin akwai cutar barci da ke zuwa da waɗannan alamu kuma ana ba da maganin da ke sauƙaƙa ta.